Dodo ɗaya cikin duhu ko tulin dodanni da sojoji: wanne ya dace da gidan kallonka?

Daga ƙarshen watan Mayu, da zarar an rufe kakar ƙwallon Turai, gidan kallo a ƙauye sai ya koma kamar kasuwar da ta watse. Bencina suna nan, sifika tana nan, amma ba abin da zai fito da mutum daga gida bayan Isha'i har ya biya kuɗin shiga, ga damina ta kankama, kowa ya wuni a duƙe yana noman fari. A irin wannan lokaci ne mu masu wannan sana'a a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura muke komawa kan fina-finai. Bana na gaji da maimaita fassarar Indiya da na 'yan duka, sai na ce bari in gwada wani abu daban. Na haska Alien daren Talata, na haska ci gabansa Aliens daren Laraba, kuma har yau musun bai mutu a teburin mai shayi ba. Ranar Lahadi a kasuwar Gujungu wani abokin sana'a daga wajen Gumel ya tare ni, ya ce shi man fetur na dare ɗaya yake da shi, wanne zai saka? Amsar da na ba shi a tsaye cikin hayaniyar 'yan awaki ban ji daɗinta ba, shi ya sa na zauna na shimfiɗa maganar yadda ya kamata.

Sai mun fara ajiye abin da muka saba da shi na "na ɗaya da na biyu". A fina-finanmu na zamanin kaset da faifai, labari guda ake yankawa gida biyu, a sayar maka da rabi yau, rabi wani makon. Nan ba haka ba ne. Na farko ya fito a 1979, Ridley Scott ɗan Ingila ne ya ba da umarninsa, wanda daga baya ya yi Gladiator. Na biyu sai bayan shekara bakwai, a 1986, kuma wani mutum ne daban ya rubuta shi ya ba da umarni, James Cameron ɗan Kanada, mai Terminator da Titanic. Da hannunsa ma a rubutun Rambo na biyu, in ka san wannan ka riga ka san rabin abin da zai yi da dodon da ya gada. Jaruma dai ɗaya ce, Sigourney Weaver, wadda ta fito a matsayin Ripley, dodon ma zuriya ɗaya ne. Amma na farko fim ɗin tsoro ne zalla, na biyu kuwa fim ɗin yaƙi ne da aka barbaɗa wa tsoro. Harafi ɗaya ya raba sunayensu, s ɗin nan ta ƙarshe mai nuna yawa a Turanci: can dodo guda ne, nan ba sa ƙirguwa. A kula da wannan a wurin masu turi, don ƙanena sai da ya koma Ringim sau biyu, an tura masa fim ɗaya da suna biyu.

A na farko mutum bakwai ne da kyanwa cikin wani makeken kumbon dakon kaya mai suna Nostromo, suna janye da tan miliyan 20 na ma'adinai za su gida. Ba mayaƙa ba ne, 'yan ƙwadago ne, kamar direban tirela da yaran motarsa. Kwamfutar kumbon ce ta tashe su daga dogon barci saboda ta tsinci wani saƙo daga wata duniyar, kuma yarjejeniyarsu da kamfani ta ce ko su je su duba ko su yi asarar kasonsu. Tun a zaman cin abinci na farko bakanikan kumbon biyu, Parker da Brett, suke ƙorafin ana biyansu ƙasa da saura. A nan 'yan kallona suka fara dariya, wani ya ce ashe har a sararin samaniya ana cin gumin lebura. Bakaniken garinmu kuwa kumbon ne ya burge shi. Ya ce wannan ce mota ta gaskiya, ko'ina bututu, ko'ina tururi da baƙin mai, ba irin kumbon fim mai ƙyalli kamar ɗakin amarya ba.

Sai dai kafin a kai ga wani abu an sha jira. Mintocin farko ba mai cewa uffan, kyamara ce kawai ke yawo cikin lungunan kumbon kamar mai gadi. 'Yan bencin baya suka fara: "Yaya, tura shi gaba mana." "Yaya, ko maƙalewa ya yi ne?" Mutum huɗu suka fita sayen awara, biyu ba su dawo ba. Ana cikin haka hadarin da ya haɗo tun Magariba ya sauko a kan kwano, ga inji yana ta kuka a bayan rumfa. To wannan fim da kunne ake jin tsoronsa. Ɗigar ruwa ne, da kaɗawar sarƙa, da numfashin mutum cikin kwalkwalin sama jannati, da wata ƙara can ƙasa-ƙasa mai kama da bugun zuciya. Ruwan sama ya cinye duk wannan na kusan rabin awa, muka zama muna kallon mutane uku sanye da kaya masu nauyi suna tafiya cikin hazo, ba mu san abin da ya kamata mu ji tsoro ba. Laifina ne, na ga hadarin da idona, na ce ai zai wuce.

Da ruwan ya tsagaita fim ɗin ya fara kama mutane, kuma ba da dodo ya kama su ba, da gardama ce. Ɗaya daga cikin ukun da suka fita, Kane, ya leƙa cikin wani ƙwai, wani abu mai kama da ƙaguwa da doguwar jela ya fito ya manne masa a fuska. Suka ɗauko shi suka dawo bakin ƙofa, Ripley ta ce ba za ta buɗe ba, dokar killacewa ta ce sai an yi awa 24. Malam, mai koyar da Turanci a firamarenmu, wanda ke zama gefen talabijin yana fassara mana baki da baki, yana gama faɗar wannan ɗakin ya rabu biyu. Wasu na cewa wannan mata ba ta da imani, ɗan uwanka yana kwance ka ce doka? Wasu na cewa ita kaɗai ce mai hankali a cikinsu. Aka tono zancen korona da kullen 2020, aka tono wanda ya tsallako daga Kano ta hanyar daji a lokacin. Sai da na tsayar da fim ɗin. Da aka ci gaba, jami'in kimiyyar kumbon, Ash, ya buɗe ƙofar bisa gaban kansa, masu cewa a buɗe suka yi tafi. Tafin bai yi nisa ba. An gwada yanke abin daga fuskar Kane, jinin da ya ɗigo ya zama kamar ruwan batir, ya huda bene bayan bene. Abin da ya biyo baya a zaman cin abinci na biyu ba zan kwatanta shi ba, sai dai in ce an yi salati da ƙarfi, wani yaro ya ajiye ledar awararsa bai sake waiwayarta ba. Su kansu 'yan wasan ba a gaya musu yawan jinin da zai fantsama ba, firgitar da ke fuskar ɗaya macen ta gaske ce.

Daga nan wuri ya yi tsit. Abin da ya ruɗa jama'a shi ne ƙa'idar da kowane ɗan kallo ya haddace, cewa akta ba ya mutuwa. Kowa ya riga ya naɗa kyaftin ɗin kumbon, Dallas mai gemu, a matsayin akta. Ya ɗauki abin feshin wuta ya shiga bututun iska shi kaɗai, muka gyara zama muna jiran ya yi maganin dodo. Bai fito ba. Wani ya miƙe tsaye ya ce, "To yanzu wa ye aktan?" Ba wanda ya iya ba shi amsa, kuma wannan rashin sanin shi ne ƙarfin fim ɗin gaba ɗaya. Ba su da bindigar kirki, raga ce da sandar lantarki da abin feshin wuta, dodon kuma ba a nuna shi sai gutsure-gutsure: haƙora a nan, jela a can, wani abu mai santsi da ka ɗauka bututu ne sai ya motsa. Kawuna, wanda ruwa ne ya koro shi cikin rumfar ba sha'awar fim ba, shi ya fi kowa fahimtar halittar. Ya ce, "Ɗana, ai wannan zanzaro ne. Ya harbi tsutsa bai kashe ta ba, ya kai ta ɗakinsa na laka ya saka mata ƙwai, ɗan ya ƙyanƙyashe ya ci ta da ranta." Tun daga ranar a garinmu sunan fim ɗin ya koma Zanzaro.

Akwai abin da na ɓoye sai da aka tashi na faɗa musu, kuma ina ba duk mai haska na farko shawara ya riƙe shi a aljihu. Mutumin da ke cikin rigar dodon ɗan Najeriya ne, Bolaji Badejo, haifaffen Legas. Yana karatun zane a Landan aka gan shi, dogo siriri, tsayinsa ya haura ƙafa shida da rabi, aka ce ga jikin da ake nema. Wani mai zane ɗan Suwizalan, H. R. Giger, shi ya ƙirƙiri siffar, amma wannan tafiyar ta sanɗa da miƙewar gaɓoɓi a hankali ta ɗan Legas ce. Bai sake fitowa a wani fim ba, ya dawo gida, ya rasu a 1992 sakamakon ciwon sikila. Da na faɗi haka sai ga waɗanda suka yi ta mitar jira suna cewa a mayar da wurin da ya bayyana su sake gani.

Daren Laraba sama ta yi garau, kuma labarin daren jiya ya zaga gari, har sai da na aro benci biyu. Na biyu ya ɗauko daga inda aka tsinci Ripley bayan shekara 57 tana barci cikin ɗan ƙaramin kumbon tsira. Ta ba da labari, manyan kamfani suka mayar da ita mahaukaciya, suka ƙwace lasisinta, ta koma tuƙa injin loda kaya. A wannan tsakani an riga an zaunar da iyalai sittin zuwa saba'in a duniyar da aka tsinci ƙwayayen. Da aka daina jin ɗuriyarsu sai aka dawo ana lallashinta ta raka sojoji, bisa alƙawarin hallaka abin za a je yi, ba ɗauko shi ba. Wanda ya yi alƙawarin, Burke, ɗan kamfani mai fara'a da daɗin baki, tun fitowarsa ta farko mai shayi ya ce, "Wannan idonsa na dillalin shanu ne." Bai yi ƙarya ba.

Shi ma na biyun yana ɗaukar kusan awa guda kafin a harba harsashi na farko, amma ba wanda ya ce a tura gaba, domin jiran nasa cike yake da abin kallo. Ga sojoji da kurari da tsokanar juna. Ga Vasquez, mace mai ɗaukar bindigar da ta kusa tsawonta, wadda samari suka yi wa kirari tun kafin ta yi komai. Ga Bishop, mutum-mutumi mai siffar ɗan Adam, yana wasan wuƙa tsakanin yatsun wani soja har idon sojan ya raina fata. Ga na'urar nan mai nuna motsi, mai ƙara ɗif, ɗif, tana ƙaruwa da sauri in abu ya matso, wadda yara suka kwana biyu suna kwaikwayo da baki. Da aka shiga gidan dodannin kuwa, bango ya fara motsi, aka gane ashe a tsakiyarsu ake tsaye, rumfata ta koma kamar daren wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Ana ihu, ana ba sojoji umarni, ana zagin Hudson, wanda ya fi kowa cika baki a kumbo ya kuma fi kowa kuka da ta yi tsami. Inji na kuka a baya, ba wanda ya ji shi. Da an yi ruwa ma ba na jin zai rage wani abu, domin ƙarar bindiga ta fi ƙarfin kwano.

Muna da wani dattijo tsohon soja da ke gadin makaranta. Ba ya yawan magana, amma ranar ya yi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne hafsan da aka ba jagorancin tafiyar, Gorman, sabon shiga da ke zaune cikin mota mai sulke yana kallon mutanensa ta talabijin, ya sa aka karɓe harsasansu saboda suna ƙarƙashin bututun sanyaya tashar nukiliya, bai kuma yi musu bayanin dalili ba, da rikici ya ɓarke sai bakinsa ya mutu. Baba ya ce, "Yaro, wanda ya tsara wannan ya zauna da sojoji." Cameron da kansa ya sha faɗa cewa yaƙin Biyetnam ne a ransa, runduna mai kayan yaƙi na zamani da raina abokin gaba ta faɗa hannun waɗanda suka fi ta sanin ƙasa.

Da za a ƙirga hannu a daren, na biyu ya yi kaca-kaca da na farko. Amma Malam ya ƙi, kuma hujjarsa ce na kasa turewa. Ya ce a ɗauka ka shiga ɗaki da dare, ka ga kunama guda ta shige ƙarƙashin tabarma, sai fitila ta mutu. Za ka yi barci? To a ɗauka kuma fara ce ta sauko gona, dubu kan dubu. Tashin hankali ne, amma kana ganinta, kana dukanta, maƙwabta sun fito da ganye da gwangwani. A na farko mutum bakwai sun kasa yin komai da guda ɗaya, har ka yarda abin ba ya mutuwa. A na biyu ana harbe su kamar kwari, mota ma tana take su. Ya ce duk dodon da harsashi ke kashewa ya sauka daga dodo ya koma naman daji. Samari suka ce ai shi ya sa aka kawo uwarsu, kuma sun yi gaskiya ta nan. Cameron ya ƙara abin da babu a na farko, wato mai saka ƙwan, ƙatuwa mai kai kamar faranti, kwance a tsakiyar gida kamar uwar gara cikin suri. Fitowarta ta sa har Malam ya manta da fassara. Duk da haka ni ina bayansa a wannan musu, ko da yake aljihuna yana bayan samari.

Akwai 'yan kallon da ba a jin ra'ayinsu a teburin mai shayi, domin ba sa zuwa rumfa. Maiɗakina da ƙanwarta sun kalli duka biyun a waya, kwana biyu, tsakanin girki da shara. Na farko sun ce duhu ya yi yawa, a ƙaramin gilashin waya da rana ba ka ganin komai sai fuskarka, kuma abin da ya fi damunsu shi ne yadda Ripley ta koma ɗauko kyanwa ana cikin gudun ceton rai. Na biyu kuwa sun kama shi ta inda maza ba su kama ba. Su ba sojojin suka gani ba, yarinyar suka gani, Newt, wadda ita kaɗai ta tsira a garin tana ɓuya cikin bututu da kan 'yar tsana a hannu. Wurin da Ripley ta jiƙa ƙyalle tana goge mata fuska ya fi musu duk harbe-harben. Maiɗakina ta ce, "Ai faɗan uwa da uwa ne. Wannan ta shiga wuta don 'yar da ba ita ta haifa ba, waccan kuma an ƙone mata ƙwai a gaban idonta, me kake so ta yi?" Ban taɓa jin wanda ya tausaya wa dodanniyar ba sai ita. Ba banza ba aka sa Weaver cikin 'yan takarar gwarzuwar jaruma ta Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, saboda wannan fitowa, abin da ba a saba yi wa fim ɗin dodanni ba. Na biyun ya ci Oscar biyu, na farko ya ci ɗaya, duk a ɓangaren dabarun hoto da sauti.

Nan ne zancen tsawo ya shigo, domin na biyu iri biyu ne ke yawo a hannun masu turi. Wanda aka haska a silima minti 137 ne. Akwai kuma mai ƙari da ya kai kusan minti 154, kuma cikin ƙarin akwai wurin da aka shaida wa Ripley cewa 'yarta ta cikinta, wadda ta bari tana ƙarama, ta tsufa ta rasu tana can tana barci. Wanda ya ga wannan zai fahimci dalilin da ta manne wa Newt. Don kallon gida mai ƙarin nake zaɓa ba tare da wani tunani ba. A rumfa kuwa lissafi daban ne. Na farko minti 117 ne, in ka tayar da shi ƙarfe takwas da rabi, goma da rabi kowa ya kama hanya. Gajeren na biyu yana kai ka kusan sha ɗaya, dogon ya wuce, ga mutanen da asuba za su kama fartanya, ga man fetur da tun cire tallafi a 2023 muke auna shi kamar turare. Mai sola da batir mai kyau ya huta da rabin wannan lissafi, kuma shi ne ma ya fi dacewa da na farko, tunda ba kukan inji. Talabijin ma abin dubawa ne. In taka irin wadda baƙi ke komawa toka-toka ce, ko majigi ne mai raunin haske, na farko zai zama kamar kallon cikin rijiya. Haka in an matse fim ɗin ya zama ƙarami don tsimin data, wuraren duhu ne ke fara farfashewa. Na biyu ya fi jure wulaƙanci. Ta fuskar harshe ma haka ne, wanda ba ya jin Turanci zai bi na biyu da ido kawai, amma a na farko in ba mai fassara, ba zai gane makircin kamfani ba, da dalilin da Ash ya buɗe ƙofar, kuma a nan ne naman labarin yake.

Yara kuwa, kada a yaudari kai, babu wanda ya dace da su a ciki. A Amurka ma duka biyun suna rukunin da ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. Na farko jininsa kaɗan ne amma mai tsayawa a rai, kuma dab da ƙarshe akwai wurin da jarumar ta rage kayan jikinta za ta kwanta. Ka san wurin tun kafin dare, yatsanka na kan rimot, kada ka ja wa kanka kiran mai unguwa. Na biyu ashar ɗin sojoji ce ta yi masa yawa, Malam ya yi ta tsallake ta yana cewa "ya ce ransa ya ɓaci", har aka gano shi aka fara dariya. Yaron nan mai awara uwarsa ta aiko washegari, wai ya hana kowa barci, cikinsa na ƙugi yana cewa abin ne. Na karɓi laifi, na kuma sa ƙa'ida a bakin ƙofa.

To ga abin da ya kamata in gaya wa mutumin Gumel. In dare ɗaya gare ka, rumfa cike da samarin da suka saba da ihun ƙwallo, inji a bayanka, sama kuma ba tabbas, saka na biyu, gajeren. Kafin ka kunna ka tsaya minti biyar ka ba su labarin na farko da baki, ya wadatar, za su fita suna tambayar yaushe za a maimaita. Amma ka sani ka sayar da wani abu da ba za ka iya sayowa ba. Duk wanda ya fara da na biyu ya san wadda ta tsira, ya san yadda abin ke shiga jiki da yadda yake fita, ya ga dodon tsaye cikin haske har ya ga ana kashe shi. In ka kawo masa na farko daga baya, jira kawai zai gani, tambayar nan ta "wa ye aktan" ba za ta taso ba. Saboda haka in kana da halin dare biyu, kada ka juya su. Ka nemi daren da sama ta yi fes, ka ja wayar inji nesa ko ka jona batir, ka kashe ƙwan ƙofa, ka gaya wa mutane tun farko cewa wannan sai da haƙuri, ka yarda 'yan gaggawa su tafi. Wanda kuma zai kalla shi kaɗai a waya, ya fara da na farko, da dare, da iyafis a kunne biyu, ba a zaure cikin hira ba.

Za a matsa maka da tambayar na uku. Akwai shi, na 1992, sai dai tun a mintocin farko yake rusa abin da jama'a suka yi ta addu'a a kai a ƙarshen na biyu, ni kam ba zan saka shi ga mutanen da suka ƙaunaci yarinyar nan ba. In sabon hoto suke so, akwai Alien: Romulus na 2024, wanda labarinsa ya faɗo tsakanin na farko da na biyu, shi nake shirin gwadawa kafin ƙwallo ta dawo a Agusta.

Ƙanena ne ke kashe inji kullum in an tashi. Injin yana bayan rumfa, taku ashirin cikin duhu, kusa da gonar gero da ta fara kai gwiwa. Daren Laraba da gudu ya tafi shi kaɗai, ya saɓa tsinken dawa a kafaɗa yana harbin gero da baki. Daren Talata kuwa ya daɗe tsaye a bakin ƙofa yana jujjuya tocila, can ya ce, "Yaya, zo mu je tare mana, ina jin kamar fulogin ne ke ba da matsala."